Makiyayi da Garkensa: Wa Zai Tambayi Limamin Coci?

Masu iya magana kan ce, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan karin magana ne yake faɗo mini a rai duk lokacin da aka tayar da zancen limaman coci da suka ci amanar mabiyansu. Ana yawan ɗora laifin kacokan a kan limami, a manta da jama'ar da suka miƙa masa wuya babu tambaya.

A watan Afrilun 2023 aka fara tono gawawwaki a dajin Shakahola na ƙasar Kenya, har adadinsu ya haura 400. Ana tuhumar shugabansu, Paul Mackenzie, da umartar su da yin azumi har mutuwa domin su sadu da Almasihu. A nan gida kuma, ranar 12 ga Satumbar 2014, masaukin baƙi na cocin T.B. Joshua da ke Legas ya rufta, mutum 116 suka mutu, akasarinsu 'yan Afirka ta Kudu. Kotun binciken musabbabin mutuwa ta gayyace shi, bai halarta ba har ta yanke hukunci a 2015. Abin da ya haɗa waɗannan al'amura biyu shi ne shugaban da ya fi ƙarfin tambaya.

Gwamnati ta gwada shiga tsakani. A watan Agustan 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kamfanoni ta CAMA, wadda sashenta na 839 ya ba Hukumar Rajistar Kamfanoni ikon dakatar da amintattun ƙungiya, har da ta addini, idan an samu almundahana. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi tir da sashen, kuma a 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta soke shi. Ni a ganina tsoron da CAN ta nuna yana da tushe, domin wuƙar da aka ba gwamnati don yanka ɓarawo tana iya juyawa kan mai faɗin gaskiya. To amma idan an hana gwamnati sa ido, wa zai sa? Amsar ita ce masu ibada da kansu.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A karkarar kudancin Jihar Kano, irin su Sumaila da Tudun Wada, akwai Hausawa Kirista da suke sujada da harshensu, suna karanta Littafi Mai Tsarki wanda aka kammala fassara shi zuwa Hausa tun 1932. Da yawansu suna ƙarƙashin ECWA, wadda aka kafa a 1954 daga aikin mishan na SIM. A tsarin wannan ikilisiya, jama'a ne suke zaɓen dattawa, dattawan kuma su ne suke kula da zakka da baiko tare da fasto. Majalisar gunduma ce take tura fasto, ita ce kuma take ɗauke shi. Ke nan coci ba gonar gadonsa ba ce. Ba na cewa tsarin ya tsarkaka daga kuskure, amma ya bar ƙofar tambaya a buɗe.

Mu da muke zaune a Madobi, maƙwabtan Kura, mun san wannan darasi ta wata fuska. Ruwan da yake gangarowa daga madatsar Tiga zuwa gonakin shinkafa da tumatir da alkama na kowa ne. Wanda aka ba riƙon ƙofar ruwa ɗan amana ne, ba mai ruwa ba. Ranar da ya karkatar da shi gonarsa, manoma kuma suka yi shiru don kunya, wanda yake ƙarshen magudana shi ne shukarsa za ta bushe. Haka baikon da gwauruwa ta ciro daga cinikin ƙosai yake. Tana da haƙƙin sanin inda ya tafi.

Addinin Kirista kansa bai ba limami sarauta ba. Kalmar fasto asalinta makiyayi take nufi. Linjilar Yohanna ta ba da labarin yadda Almasihu ya wanke ƙafafun almajiransa, wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Timoti kuma ta sa rashin son kuɗi cikin sharuɗɗan shugaban ikilisiya. Wanda ya mayar da bagade kasuwar mu'ujiza, yana yi wa mai yunwa alkawarin arziki idan ya ba da ɗan abin da ya rage masa, ya saɓa wa littafin da yake riƙe da shi.

Saboda haka kirana ga limamai shi ne su riƙa karanta lissafin kuɗi a gaban jama'a tun ba a nema ba. Dattawa su tuna an zaɓe su ne domin tsaron amana, ba domin amshin shata ba. Zumuntar mata, waɗanda su ne ƙashin bayan kowace majami'a, a ba su kujera a inda ake yanke shawara. Mabiya kuma su karanta littafinsu da idonsu, su girmama limami, amma su san tambaya ba rashin bangaskiya ba ce. Limamin kirki ba ya gudun ta.

Allah Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, Ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu baki ɗaya.