Kalmomi Uku Na Turanci Da Ake Fassarawa Da "Jahili"

Akwai kalmomi uku na Turanci waɗanda 'yan Arewa mazauna Kudu suke ji kusan kullum, ko a tashar mota, ko a caji ofis, ko a bakin mai gidan haya. Su ne illiterate da uneducated da ignorant. In aka ce wa tafinta ya juya su da Hausa, sai ya haɗa su duka ya ce "jahili". Wannan fassara ba daidai ba ce, kuma kuskuren yana iya kai mutum ga hasarar dukiyarsa.

Illiterate shi ne wanda bai iya karatu da rubutu ba. Uneducated shi ne wanda bai sami horon makaranta ba, ko da kuwa yana iya haɗa baƙi. Ignorant kuwa shi ne wanda bai san wani al'amari ba, kuma akan faɗi abin da bai sani ba ɗin. Babban likita a Ikko yana iya zama ignorant a kan cinikin goro, wanda ɗan kamasho a Agege ya sani kamar yunwar cikinsa. Wannan ta uku ita kaɗai ce ta kusa da jahilci.

A ɗauki misali da Tudun Ƙofa, ɗaya daga cikin unguwannin garin Keffi a Jihar Nasarawa. Keffi gari ne na ilmi iri biyu. Akwai Kwalejin Gwamnati wadda tarihinta ya faro daga 1949, inda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi karatu daga 1965 zuwa 1969, ga kuma Jami'ar Jihar Nasarawa. Har wa yau akwai makarantun allo da zaurukan malamai waɗanda suka girme su duka. Malamin da ya sauke Alƙur'ani a Tudun Ƙofa, ya karanta littattafan fiƙihu, yana rubuta wasiƙa da ajami, ba illiterate ba ne, balle ignorant. Iyaka Bature ya ce bai bi makarantar boko ba. Amma ran da wannan malami ya sauka Sabo ta Badun ya kasa cika fom, sai akawu ya rubuta masa kalmar farko, tafinta kuma ya fassara masa da ta uku.

Tushen wannan ruɗami ba a Kudu kaɗai yake ba. Cikin shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa azuzuwan koya wa manya karatun boko, aka sa wa shirin suna Yaƙi da Jahilci. Shirin ya yi amfani ƙwarai, amma sunan ya bar tabo, don ya sa mutane sun ɗauka rashin boko shi ne jahilci. Alhali kuwa gwamnati da kanta ta san akwai masu karatun ajami, shi ya sa take buga shi a takardun kuɗi. Ko da aka cire shi daga naira 5 da 10 da 20 da 50 a 2007, yana nan a jikin naira 200 da 500 da 1,000.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne gaban alƙali. Tun zamanin Turawa akwai dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba, wadda jihohi da dama suka gada. Dokar ta ce duk wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda, lalle ya sa sunansa da adireshinsa a jiki, watau shaida ce cewa ya karanta masa, ya bayyana masa ma'ana kafin ya dangwala hannu. A 1962 Kotun Ƙoli ta Tarayya ta yanke hukunci a wata shari'a tsakanin kamfanin PZ da waɗansu 'yan kasuwa biyu daga Arewa. Ɗayansu ya tsaya wa ɗan'uwansa lamuni a takardar Turanci, da bashi ya taso sai ya ce shi bai iya Turanci ba, dokar ta kare shi. Kotu ta ce tun da ya iya karatu da rubutun Larabci, shi ba illiterate ba ne. Waɗansu kotuna, kafin wannan da bayansa, sun ɗauki cewa harshen da aka rubuta takardar da shi ne abin dubawa. Duk da haka darasin a fili yake. Mutumin da akawu ya raina da sunan bai iya karatu ba, lauya yana iya tsayawa a kotu ya rantse cewa ya iya, don a kama shi da abin da ya sa wa hannu.

Kalmar educated ma tana da nata matsayi a doka. Tsarin Mulki na 1999 ya ce mai neman shugabancin ƙasa ko kujerar Majalisar Tarayya lalle ya zama ya yi karatu zuwa matakin takardar sakandare ko makamanciyarta. Sashe na 318 ya bayyana cewa takardar firamare tana iya isa, in an haɗa ta da aikin shekara 10, da kwas na shekara guda, da iya Turancin da zai gamsar da hukumar zaɓe. Ashe educated a nan magana ce ta takardar shaida, ba awon hankali ko zurfin ilmi ba.

Saboda haka abu biyu ya kamata ɗan Arewa a Kudu ya riƙe. Na farko, kada ya karɓi sunan jahili don kurum bai iya Turanci ba. Na biyu, kada girman kai ya hana shi cewa a karanta masa. Mutane da yawa suna tara kuɗi a Ikko ko Fatakwal su aika gida a saya musu fili, kuma filayen Keffi sun yi daraja saboda kusancin garin da Abuja. Takardun cinikin kuwa da Turanci ake rubuta su. Wanda ya sa hannu don jin kunyar a ce bai waye ba, shi ne ya zama ignorant na gaskiya a kan abin da ya shafi guminsa.

Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Mile 12 da Idi-Araba da Sabo suna da aiki a nan. Ya kamata kowace ƙungiya ta tanadi amintaccen mutum wanda ya san harsunan biyu, ya riƙa karanta wa 'yan'uwa takardun haya da lamuni da na fili, ya kuma rubuta sunansa a ƙasa kamar yadda doka ta nema. Tafintoci da masu fassara a rediyo su ma su daina ragwanci. Hausa ba ta rasa kalmomi ba: akwai "bai iya karatu ba", akwai "bai yi makaranta ba", akwai "bai sani ba". A ba kowace wurinta.