Goron Jin Ra'ayin Mai Saye: Halal Ne ko Haram?

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a wannan mako za mu duba wata mas'ala da ta shafi 'yan'uwanmu 'yan kasuwa. Watau mai haja ya ce wa wanda ya sayi kayansa, "Komo ka gaya mini yadda ka same su, zan ba ka katin waya, ko in yi maka ragi a saye na gaba." Shin wannan goro ya halatta?

Maganar ba ƙarama ba ce, musamman a ƙasashen noma irin su Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Manomin da ya je kasuwar Sheme ko ta 'Yankara neman irin masara da taki da maganin feshi, ba ya iya sanin kyawunsu sai damina ta yi nisa. Da bakin maƙwabcinsa ya ke saye. In an sayi wannan baki, to, abincin shekara guda na iyalinsa ne aka jefa cikin hatsari.

Asalin abin dai halal ne. Malaman fiƙihu suna da babi da su ke kira Ju'ala, watau mutum ya ajiye lada sananne ga duk wanda ya yi masa wani aiki mai amfani. Suna kafa hujja da aya ta 72 cikin Suratu Yusufa, inda aka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki. Mai sayar da iri da ya ke son ya san ko irinsa ya tsira, yana da amfani a cikin labarin, manomin kuma ya ɓata lokacinsa ya kawo. Ladan wahalarsa ya ci, babu laifi.

Amma fa akwai sharuɗɗa uku.

Na farko, ladan ya zama na faɗin gaskiya, ba na yabo ba. Wanda ya ce taki ya yi kyau da wanda ya ce gauraye ya ke da yashi, lalle ne a ba su daidai wa daida. In kuwa sai mai yabo a ke ba, to, an koma sayen shaida, alhali kuwa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa shaidar zur cikin manyan zunubai. Haka kuma ya hana Najashi, kamar yadda Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa, watau mutum ya taya kaya da tsada ba da niyyar saye ba, sai don ya ruɗi na kusa da shi. Yabon da aka biya kuɗinsa ƙanen wannan ne.

Na biyu, ladan ya zama sananne tun farko. A mazhabarmu ta Malikiyya, Ju'ala ba ta inganta da ladan da ba a san yawansa ba. "Zan ga abin da zan yi maka" ƙofar jayayya ce.

Na uku, in za a kai maganar mai saye ga kunnen jama'a, ko a rediyo ko a bakin kasuwa, to, a bayyana cewa an ba shi wani abu. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Mai sauraro yana da hakkin ya san wanda ya ci ladan, don ya auna maganarsa.

Dokokin zamani ma nan su ka dosa. Dokar kare hakkin masu saye ta Nijeriya ta 2018 ta hana ɗan kasuwa ya ruɗi jama'a da bayanin ƙarya game da hajarsa. A Amurka kuwa, a 2024 hukumar ciniki ta ƙasar ta kafa ƙa'ida da ta haramta biyan mutum bisa sharaɗin ya yabi kaya, ko ya kushe su.

Sa'an nan muna da kalma ga ma'aikatan gwamnati, domin hukuncinsu ya fi tsanani. Malamin gona da manoma ke tambaya wane iri za su shuka, albashi ya ke ci don ya faɗi gaskiya. In ya karɓi buhu daga hannun dillali, ba Ju'ala ba ce, toshiya ce. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya yi tir da wannan. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 shi ma ya hana ma'aikaci karɓar kyauta saboda aikin ofishinsa.

To, jama'a, ɗan kasuwa mai hankali ya fi bukatar mai gaya masa aibin kayansa a kan mai yabonsa, domin da shi zai gyara. Ku ba mai kushe goronsa cikakke, ku gode masa. Shi kuma mai saye ya tuna, maganar da ya faɗa don katin waya, wani zai jingina noman shekararsa a kanta, kuma za a tambaye shi gobe Kiyama.

Allah shi ne mafi sani. Allah ya tsarkake mana dukiyarmu, ya sa mu dace. Amin.