A Bar Yara Su San Ƙasarsu

Wata sabuwar ɗabi'a ta shiga gidajen ma'aikata a Birniwa da Haɗejiya da kewaye. Da zarar yaro ya taso daga makaranta sai a tsare shi a ɗaka, a miƙa masa wayar hannu don ya yi shiru. Iyaye na ɗaukar wannan a matsayin kariya, alhali kuwa tauye yaron ake yi.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 ya sami aƙalla minti 180 yana motsa jiki kowace rana, kallon talabijin ko waya kuwa kada ya wuce awa 1. Wannan aiki ne da langa da gaɗa da kokawa suka daɗe suna yi a dandali ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Ban da dandali, Allah ya hore wa yankin makarantar da ba ta da gini. Dausayin Baturiya da ke Kiri Kasamma, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na Ramsar a 2008, yana karɓar tsuntsaye daga Turai duk hunturu. Magidancin da ya kai iyalinsa ƙauye lokacin hutu, suka kwana biyu, yara suka ga girbin gero da su da kiwo, ya koya musu abin da allo ba ya koyarwa.

Batun ya wuce nishaɗi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan fadama ta sauya, kachala kuma ta toshe hanyoyinsa. Yaran yau su ne gobe za su zauna a ofis su yanke hukunci a kan wannan ruwa. Wanda bai taɓa taka fadama ba, da wuya ya san darajarta.

Haɗari kam akwai shi: tsargiya a ruwan kwance, da sauro, da nutsewa lokacin ambaliya. Maganinsu shi ne a fita bayan damina, a tafi da gidan sauro, a hana wanka a kududdufi, babba kuma ya sa ido.

Saboda haka wajibi ne Ƙaramar Hukumar Birniwa ta hana a gine filayen wasa, shugabannin makarantu su shirya ziyarar dausayi, iyaye kuma su buɗe ƙofa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.