Iskar Gas: Mu Fara Kashe Wutar Da Ke Ci

Tun daga 1958, lokacin da Nijeriya ta fara sayar da man fetur na Oloibiri a ƙasashen waje, wuta take ci a bakin rijiyoyin Neja Delta dare da rana. Abin da ake ƙonawa kuwa shi ne iskar gas da ke fitowa tare da mai, wadda kamfanoni suka ga tara ta ya fi ƙona ta tsada. An kafa doka a 1979 wadda ta haramta wannan ƙonawa daga farkon 1984, amma har yau wutar ba ta mutu ba. Ina roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su riƙe wannan a zuci duk sa'ad da aka kawo mana albishirin arzikin gas.

Hanyoyin haƙo gas iri biyu ne. Ta farko, watau tsohuwar hanya, ita ce a haƙa rijiya har a tarar da inda iskar ta taru, ta taso da kanta. Ta biyu ita ce wadda Amurka ta shahara da ita: a haƙa a miƙe, a karkata a kwance cikin dutse mai tauri, sannan a ɗura masa ruwa da yashi da sinadarai da ƙarfi har ya tsage ya saki iskar. Da wannan dabara Amurka ta zarce Rasha wajen haƙo gas, a 2023 kuma ta fi kowace ƙasa sayar da gas ɗin da aka mayar ruwa.

Amma fa kowace rijiya ɗaya ta irin wannan tana shan miliyoyin litocin ruwa. A jihar Oklahoma, gurɓataccen ruwan da ake mayarwa ƙarƙashin ƙasa ya jawo girgizar ƙasa, har aka yi babba a Pawnee a 2016. Faransa ta haramta dabarar tun 2011. Mutanen In Salah, can cikin Saharar Aljeriya, suka fito zanga-zanga a 2015 don tsoron abin da zai sami ruwan rijiyoyinsu. Mu da ke gaɓar hamada mun fi kowa sanin dalilinsu. Kada kuma a ɗauka tsohuwar hanya ba ta da illa: Holan ta gano gas a Groningen a 1959, ta ci moriyarsa shekaru da dama, sai gidajen jama'a suka dinga tsagewa saboda girgiza, ala tilas ta rufe filin a 2024.

Ban ce a guji gas ba. Wanda ya ga masaƙun Kaduna da Kano a kulle, ko ya ga yadda itacen girki ke cinye dazuzzukanmu, ba zai raina bututun da aka soma shimfiɗawa a 2020 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, ba. Da gas ake yin takin zamani, da shi ake kunna injinan lantarki.

Abin da nake cewa shi ne, Nijeriya ta fi kowace ƙasar Afirka ajiyar gas, mafi yawansa kuma ba ya bukatar a fasa dutse. A fara tara wanda ake ƙonawa a banza a zuba shi a bututu. A Kolmani kuma, tsakanin Bauchi da Gombe, inda aka ƙaddamar da haƙa a 2022, a auna ruwan rijiyoyin manoma tun yanzu, a rubuta sakamakon da Hausa, a ba dagatai su ajiye.