Ƙanƙarar da ke ɓoye a ƙarƙashin duwatsu: mafaka ta ƙarshe a kan tsaunuka

Yayin da ɗumamar yanayi ke ci gaba da narkar da ƙanƙarar da ke kan manyan tsaunukan duniya, hankalin masana ya fara karkata ga wata irin ƙanƙara da ido ba ya gani.

A ƙasar Suwizalan, kashi 10 cikin 100 na ƙanƙarar da ke shimfiɗe a sarari ya narke cikin shekarun 2022 da 2023 kaɗai.

Ita kuwa ɗaya ƙanƙarar tana binne ne a ƙarƙashin tarin duwatsu da tsakuwa, waɗanda ke kare ta daga zafin rana tamkar bargo. Shi ya sa take jinkirin narkewa.

Ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashinta galibi ba ya wuce digiri 2 a ma'aunin Salshiyas, ko da a tsakiyar lokacin zafi.

Mafakar halittu

Masana na ganin nan ne halittun da ba sa jure zafi za su fake idan sauran ƙanƙarar ta ƙare.

A shekarar 2019 Amurka ta saka wasu ƙwarin ruwa iri biyu na tsaunukan Rocky cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, saboda ƙoramun da suke rayuwa a ciki sun dogara da ƙanƙara. Haka ma pika, wata 'yar dabba dangin zomo, takan ɓuya daga zafi a tsakanin irin waɗannan duwatsu.

Takaddama a Ajantina

To sai dai a tsaunukan Andes, inda wannan ruwa ke taimakon manoma lokacin fari, akwai tagulla da zinariya a ƙarƙashin ƙasa.

A 2010 Ajantina ta kafa dokar da ta hana haƙar ma'adinai a wuraren ƙanƙara, har da wadda ke binne. A 2019 kotun ƙoli ta yi watsi da ƙarar da kamfanin Barrick Gold ya shigar kan dokar.

Amma a 2025 gwamnatin Shugaba Javier Milei ta nemi majalisa ta sassauta dokar, domin larduna su riƙa zaɓen wuraren da za a kare. Ta ce ƙasar na buƙatar masu zuba jari.

Masu adawa da matakin sun ce ma'adinai na ƙarewa cikin shekaru kaɗan, alhali ƙanƙarar da ta yi dubban shekaru tana taruwa, in aka tone ta, ba mai iya mayar da ita.