Babur Mai Caji Ba Kayan Wasan Yara Ba Ne

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, babura da kekuna masu amfani da lantarki suka fara samun shiga a garuruwanmu. Ka yi caji ka hau, ba kai ba gidan mai. Sauƙi ne, ba musu. Matsalar ita ce a gidaje da yawa makullin ya koma hannun yara, iyaye kuma na kallon abin kamar keken wasa.

Babur ɗin fetur yana da abubuwan da ke taka wa yaro birki. Sai ya iya tayar da shi, ya san giya, kuma ƙarar salansa za ta tona masa asiri kafin ya bar ƙofar gida. Mai caji kuwa, ɗan shekara goma ma zai kunna, ya murɗa totur, ya sulale ba wanda ya ji. Da an murɗa yake fizga. Shirun nan nasa ma haɗari ne, domin tsohuwar da ke tsallaka titi da yaron da ya fito a guje daga lungu ba sa jin zuwansa. Sukutar da ake tsayawa a kai kuma tayoyinta ƙanana ne, ɗan rami ya isa ya wurga mutum ta ka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Wato mu da ƙannenmu. Ta kuma ce hular kwano, idan an sa ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida. Amma har yau ana ba da labarin yadda wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a ka lokacin da aka tilasta sa hular a 2009, ana dariya. A ɗakin 'yan haɗari na asibiti babu mai wannan dariyar.

Wasu iyayen za su ce kuɗin Adaidaita Sahu ya yi tsada, gara yaro ya kai kansa makaranta. Uzuri ne da za a saurara, sai dai kuɗin ɗorin ƙafa ɗaya ya fi na motar zango guda. Dokar Najeriya ma ba ta ba da lasisin tuƙi sai an cika shekara 18. Can Faransa, a 2023 an ɗaga shekarun hawa sukuta daga 12 zuwa 14, birnin Paris kuma ya haramta na haya bayan mazauna sun kaɗa ƙuri'a. Masu titin da ba rami ke nan fa.

To, ina namu laifin? Ku duba TikTok lokacin Sallah ko rakiyar amarya. Yaro ya ɗaga tayar gaba, ya goyo biyu, wani na ɗauka a waya, mu kuma mu cika kwament da wuta da tafi. Don wannan tafin yake gangancin. Duk wanda ya yaɗa bidiyon ya zuga na gaba ya yi wanda ya fi shi.

Gyaran daga gida zai fara, kuma mu yayye ne muka fi kusa. Makulli ya zauna a hannun babba. Yaro ƙarami, keke mai feda ya ishe shi. Wanda ya isa hawa ya sa hula ya ɗaure igiyarta, ban da goyo, ban da waya, ban da toshe kunne da kiɗa. Batir ɗin kuma a yi masa caji da cajarsa ta asali, kada a bar shi a jone a ɗakin kwana ana barci, don batirin litiyam idan ya kama da wuta kashe shi aiki ne.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da irin su KAROTA su fito su faɗa wa jama'a ƙarara wa ya isa hawa waɗannan ababen, masu sayarwa kuma su riƙa haɗawa da hula. Kafin su motsa, idan ƙaninka ya ce "Yaya, ara mini in zaga," ka ce a'a. Fushinsa ba zai kai magariba ba.