Ku Daina Zaunar Da Tsofaffi Da Sunan Biyayya

Maudu'inmu na wannan makon zai sosa ran wasu, amma gara a faɗa.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a gidajenmu, musamman inda 'ya'ya suka samu abin hannu. Da zarar uba ya yi ritaya, ko uwa ta aurar da autarta, sai a ce, "Baba, ka huta haka nan," ko "Hajiya, ki zauna, me za ki yi da kanki?" Masallacin da ke bayan layi sai an kai Baba a kan babur. Hajiya ta miƙe za ta ɗauko buta, jikoki uku sun riga ta. Ta ɗauki tsintsiya, a fizge, a ce abin kunya ne. Ta ce za ta taka zuwa gidan ƙanwarta a unguwar gaba, a tsayar mata da adaidaita sahu. In kuwa aka hangi dattijo yana tafe a ƙasa, tambayar farko ita ce: ina 'ya'yansa? Mu a nan muna kiran wannan abu da sunansa. Cutarwa ce, ko da da kyakkyawar niyya aka yi ta.

Jikin ɗan'adam bai san kara ba. Tsokar da ba a aiki da ita zubewa take yi, kuma a jikin tsoho zubewar ta fi sauri. A shekarar 2007 mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa wani gwaji da aka yi a Amurka, inda aka kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya a gado tsawon kwana 10. Da suka tashi, sun yi asarar kusan kilo guda na tsokar ƙafafu. Kwana 10 kacal ke nan. To ina ga wanda aka zaunar a kan darduma shekara biyar, daga ɗaki sai ƙofar gida? Ƙafa ta yi rauni, tashi daga tabarma ya zama aiki, wata rana santsin banɗaki ya kwashe shi, ƙashin ƙugu ya karye. Daga nan sai kwanciya, kuma duk mun san yadda irin wannan kwanciyar take ƙarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa tana kashe mutane kimanin 684,000 a kowace shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne abin ya fi ritsawa da su. Sai ka ji ana cewa tsufa ne ya kama shi. Ba wanda zai ambaci shekarun da aka yi ana hana shi motsi.

Wani zai ce, to ai mun ji sai mutum ya yi taku 10,000 a rana, wane tsoho zai iya? Wannan adadin da manhajojin waya da agogon hannu suke ta nuna mana, samari suna ɗora hotonsa a Facebook don a yaba, bai kamata ya tsorata kowa ba. Asalinsa talla ne. A shekarar 1965, bayan gasar Olamfik da aka yi a Tokiyo a 1964, kamfanin Yamasa na ƙasar Japan ya fito da wata 'yar na'urar ƙirga taku mai suna Manpo-kei, ma'ana ma'aunin taku dubu goma. Sunan ya yi daɗin faɗa, ya bazu a duniya, har ya zama kamar dokar likita.

Da masana suka zauna suka auna, sai lissafi ya fito daban. A 2019 Farfesa I-Min Lee ta Jami'ar Harvard da abokan aikinta suka fitar da sakamakon bibiyar mata sama da 16,000, waɗanda matsakaicin shekarunsu 72 ne. Matan da ke yin taku kimanin 4,400 a rana, yawan mace-mace a cikinsu ya yi ƙasa da na masu yin 2,700 da kusan kashi 40 cikin 100. Amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen taku 7,500, daga nan ya daidaita. A 2022 kuma mujallar Lancet Public Health ta wallafa nazarin da ya haɗa bincike 15 na mutane sama da 47,000, ya nuna cewa ga wanda ya kai shekara 60, amfanin yana daidaita tsakanin taku 6,000 zuwa 8,000. Ajali na Allah ne, babu mai musun wannan, amma an umarce mu da riƙon sababi. Ku dubi tazarar da ke tsakanin 2,700 da 4,400: bai kai taku 2,000 ba, tafiyar kusan minti 20 ke nan. Zuwa masallaci da dawowa ne sau biyu ko uku. Abin da ake hana Baba ke nan da sunan gata.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga masu shekara 65 zuwa sama ita ce motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, tare da abin da zai ƙarfafa tsoka da wanda zai taimaka wa tsayuwa daram, don rage faɗuwa. Minti 150 in aka raba, rabin awa ne a kwana biyar. Kakanninmu ba su san wannan lissafin ba, amma sun cika shi sun wuce: gona, kasuwar ƙauye, rijiya, daka, surfe, zumunci a ƙafa. Injin niƙa da babur sun sauƙaƙa rayuwa, ba mu ƙi ba. Sai dai abin da suka ɗauke wa jiki dole a nemo madadinsa.

Mun san uzurorin da za a kawo. Na farko ciwon gwiwa. Likitoci da kansu tafiya daidai gwargwado suke ba mafi yawan masu ciwon gwiwar tsufa shawara a kai, domin tsokar cinya ita ke ɗauke wa gwiwa nauyi, zama kuma sandarar da ita yake yi. Na biyu hanya: kwata a buɗe, ba gefen masu ƙafa, 'yan babur ba sa ragawa kowa. Wannan gaskiya ne, kuma haƙƙi ne a kan hukumomi. Amma maganinsa a haɗa tsoho da jikan da zai raka shi, a zaɓi bayan Asuba ko bayan La'asar da rana ta yi sanyi. Tsohuwar da ba ta son fita, zagayen tsakar gida bayan cin abinci ma taku ne, kuma yana taimakawa wajen sauke sugan jini. Na uku, mai ciwon zuciya, ko mai jin jiri ko ciwon ƙirji in ya motsa. Wannan a fara kai shi asibiti, likita ya faɗi iyakarsa. Mai ciwon suga kuma a sama masa takalmi rufaffe, a riƙa duba ƙafarsa kullum. Uzuri na huɗu shi ne na gaskiya, wanda ba a faɗa a fili: kada mutane su ce mun gaza. Wato don kare sunan ɗa a unguwa ake sadaukar da ƙafafun uba.

Abin mamaki, mu ne al'ummar da ta fi kowa hujjar tafiya. Ya tabbata a Sahih Muslim cewa da Banu Salima suka so su ƙaura kusa da masallacin Manzon Allah (SAW), ya umarce su da su zauna a gidajensu saboda ana rubuta musu ladan takunsu. Kuma ga aikin Hajji. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kai kimanin kilomita uku, ban da ɗawafi da zuwa jifa. Sai ka ga ɗa ya tara miliyoyi ya biya wa mahaifiyarsa kujera, alhali shekara goma bai bar ta ta taka zuwa bakin titi ba. A can sai keken guragu.

Don haka ga abin da muke kira gare shi. A mayar wa Hajiya tsintsiyarta in tana so. A bar Baba ya je masallaci da ƙafarsa, a sayo masa sanda mai kyau in yana buƙata. Wanda ya daɗe a zaune a fara masa da minti biyar, a riƙa ƙarawa mako-mako, sannu ba ta hana zuwa. Mai zuwa gaishe da iyaye ranar Juma'a ya ajiye motarsa, ya ce, "Baba, taso mu ɗan taka." In kuma kun ga dattijo yana tafe a ƙasa cikin ƙarfinsa, ku yi masa sannu, ku yi wa 'ya'yansa kyakkyawan zato.

Wanda yake ganin mun yi tsauri, fili a buɗe yake, ya zo da hujjarsa. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana mai albarka, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu.